Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa: A Ba Mu Abin da Za Mu Duba Cikin Ido da Shi

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa, da shugabannin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin asibiti ne da ke aiki a wata ƙaramar cibiyar lafiya a ƙasar Haɗeja, a ƙauyen da idan damina ta yi nisa sai an haɗa da kwalekwale kafin a kai ga titi. Na shafe shekara 14 a wannan aiki, kuma a tsawon wannan lokaci kayan da nake duba majiyyaci da su ba su wuce abin awon zafin jiki da na awon jini da tsinken gwajin maleriya da tocila ba. Na zaɓi in rubuto muku a fili ne domin abin da zan faɗa ba ni kaɗai ya dama ba, ya shafi duk wani abokin aikina da ke zaune a irin kujerata tun daga Gwaram har zuwa Maigatari, wanda ake kawo masa ido mai ciwo alhali ba shi da abin da zai leƙa cikinsa da shi.

Shekarun baya wata mata ta kawo mini ɗanta, yaron da bai cika shekara biyu ba, ta ce da daddare idan hasken fitila ya faɗa masa a fuska takan ga wani fari yana ƙyalli a cikin idonsa na hagu, kamar idon mage. Na haska tocila, na ɗaga fatar idon, ban ga ja ba, ban ga kwantsa ba, yaron kuma yana ta wasansa. Na ba ta maganin ɗigawa, na ce idan abin bai daina ba ta dawo. Ba ta dawo ba sai bayan wata bakwai, a lokacin idon ya kumbura ya turo waje, yaron ya rame, ba ya iya barci. Na rubuta musu takarda zuwa Kano, suka sayar da abin da za su iya sayarwa suka tafi, aka ce musu sankarar cikin ido ce kuma ta riga ta bazu. Yaron ya rasu kafin kaka. Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, amma na san uwar ta faɗa mini gaskiyar abin da ta gani, ni ne ba ni da abin da zan tabbatar da shi, kuma ba a taɓa koya mini cewa wannan farin shi ne alamar farko ta cutar ba.

Daga baya ne na fahimci cewa gwajin da zai nuna wannan matsala ba ya cin minti ɗaya. Ana shiga ɗakin da ba haske sosai, a tsaya kamar kamu ɗaya daga fuskar yaro, a haska idanunsa biyu da na'urar duba cikin ido, a leƙa ta ɗan ramin da ke jikinta. Idan ido lafiyayye ne, hasken yakan bugi bangon da ke can bayan ido ya dawo, sai a ga tsakiyar ido ta yi ja-ja, idanun biyu kuma su yi daidai da juna. A wurin yaranmu masu duhun fata jan yakan karkata zuwa ruwan ɗorawa, shi ya sa sai an horar da mai dubawa don kada ya ɗauki lafiyayye a matsayin maras lafiya. Idan aka ga fari, ko duhu, ko ido ɗaya ya bambanta da ɗan'uwansa, to akwai abin da ya tare hanyar hasken, ko dai yanar da aka haifi yaro da ita ko kuma sankara, kuma kowacce daga cikinsu gaggawa take so. Tocila ba ta yin wannan aiki yadda ya kamata, domin dole hasken da idon mai dubawa su kasance a kan layi ɗaya, wadda ita ce dabarar da masanin nan Bajamushe mai suna Helmholtz ya fito da ita tun a 1851. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya duba idon kowane jariri cikin shawarwarinta na kula da uwa da jariri bayan haihuwa, amma a ɗakin haihuwarmu babu na'urar da za a cika wannan shawara da ita.

A da idan aka tayar da wannan magana, tsada ce hujja, kuma hujja ce karɓaɓɓiya. Na'urar duba cikin ido da aka saba gani a hannun likitoci tana cin ɗaruruwan daloli, ƙwan fitilarta yana ƙonewa, batirinta kuma ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Yanzu al'amarin ya sauya. Akwai wata ƙaramar na'ura mai suna Arclight, wadda aka samar tare da haɗin gwiwar Jami'ar St Andrews da ke Sikotlan, girmanta bai wuce na alƙalami mai kauri ba, nauyinta bai kai giram 20 ba, tana cin caji da hasken rana ko da wayar caji irin ta wayar hannu, fitilarta kuma ba mai ƙonewa da wuri ba ce. Kuɗin da ake sayar da ita ga ƙasashe irin namu bai kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ta da ba. Ana duba cikin ido da ita, ana duba kunne, ana kuma iya manna ta a jikin kyamarar waya a ɗauki hoton abin da aka gani. A Tanzaniya an horar da ma'aikatan jinya na ɗakunan awon yara sun yi amfani da ita wajen gano yana da sankara a idon jarirai, kuma waɗannan ma'aikata ba su fi mu karatu ba. Ban ambaci sunanta don in yi mata talla ba, akwai wasu irinta, kuma ku ne za ku tantance wadda ta fi dacewa. Na ambace ta ne domin a san cewa abin da nake roƙo yana nan a duniya, an gwada shi a hannun mutane irinmu.

Ranka ya daɗe, girman matsalar ido a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya karewa ko warkarwa. Yanar ido ce ta fi kowace cuta makantar da mutane, da kashi 43 cikin 100, sai gulakoma, wadda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa abin ya fi tsanani a Arewa da kuma a karkara, wato a daidai inda muke zaune.

Waɗannan cututtuka biyu su ne suka fi wahalar da ni a aiki, saboda majiyyaci yakan zo da kalma ɗaya ce kawai, ya ce ido ya yi hazo, ni kuma da tocila ba na iya rarrabe su sai yana ta nuna sosai ta yi fari fat. Bambancinsu kuwa babba ne. Mai yana, ko ya shekara biyar a zaune, idan aka yi masa tiyatar da sau da yawa ba ta kai rabin sa'a ba, aka sanya masa sabon gilashi a cikin ido, ganinsa yakan dawo. Mai gulakoma kuwa jijiyar ganinsa ce ke mutuwa a hankali, yawanci ba tare da wani ciwo ba, ganin gefe ne ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken da na ambata ya gano cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma a cikinsu waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su wuce kimanin ɗaya cikin ashirin ba. Na taɓa tura wani dattijo birni ina mai ƙarfafa masa gwiwa cewa yana ce za a cire masa, ya sayar da tumakinsa biyu ya tafi da ɗansa, ya dawo bayan kwana huɗu da labarin cewa jijiyar ta riga ta mutu. Bai yi mini faɗa ba, godiya ma ya yi, amma tun daga ranar duk wanda na ce ya tafi birni daga unguwarsu sai ya ce mini zai yi shawara. Da a ce tun shekarun da yake zuwa awon jini ina da abin da zan duba kan jijiyar, da na ga ramin da ke tsakiyarta yana faɗaɗa, da na tura shi a lokacin da maganin ɗigawa ko tiyata za su riƙe masa sauran ganin. Na san duba jijiya kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an auna ƙarfin ruwan ido an gwada faɗin gani a babban asibiti, amma ya isa ya nuna mini wanda ya kamata ya tafi yau da wanda zai iya jiran zuwan likitocin ido.

Inda muka gaza kuwa wasu ne ke cike gurbin. Har yanzu masu ture yana da tsinke suna zagaya ƙauyukanmu ranar kasuwa, su soka tsinke su tura yanar ta faɗa can cikin ido, mutum ya ga haske na ɗan lokaci ya biya kuɗi, daga baya idon ya kumbura ya mutu. Wancan bincike na ƙasa ya samu cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi musu, kuma mafi yawansu sun ƙarasa makancewa. Ba na ganin laifin tsohon da ya miƙa idonsa gare su, domin su ne suka zo har ƙofar gidansa suka gaya masa abin da ke damunsa, mu kuwa maganin ɗigawa kawai muka ba shi.

Mataki na gaba da wannan ƙaramar na'ura shi ne kyamarar ɗaukar hoton bayan ido da ake riƙewa a hannu, wadda wasu nau'o'inta wayar hannu ce aka haɗa da gilasai na musamman. Wannan ta fi tsada, ba kowace cibiya ce za ta samu ba, amma guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma za ta yi aiki mai yawa, musamman ga masu ciwon suga, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a rajistarmu shekara bayan shekara. Ciwon suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido, su riƙa tsiyayar da jini da ruwa tun mutum yana gani garau, shi ya sa ƙa'ida ita ce a duba bayan idon mai ciwon suga a kai a kai, yawanci sau ɗaya a shekara. A cikin masu ciwon sugan da nake bai wa magani, waɗanda aka taɓa duba musu bayan ido ba su kai yawan yatsun hannuna ɗaya ba. A Indiya kamfanoni irin su Remidio sun ƙera kyamarorin da ke aiki da waya, har da manhajar da ke tantance hoton ba tare da intanet ba, kuma tun a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da manhaja ta farko da ke gano wannan lalacewa da kanta.

Sai dai ina roƙon kada a ruɗu da maganar ƙirƙirarriyar basira, wato irin waɗannan manhajoji masu tantance hoto da kansu, har a manta da yanayin wurin aiki. Lokacin da masu bincike na kamfanin Google suka bi diddigin manhajarsu a cibiyoyin lafiya 11 a ƙasar Tailan, sun bayyana a 2020 cewa manhajar ta ƙi karɓar kimanin kashi 21 cikin 100 na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, saboda ɗakunan ba su da duhun da ake buƙata, rashin ƙarfin intanet kuma ya sa layi ya riƙa tsawo. Mu a nan muna da ƙarin matsaloli, domin tsofaffinmu da yawa suna da yanar da ke dusashe hoto, wasu sai an ɗiga musu maganin buɗe ido kafin a ga komai, sabis ɗin waya kuma yakan ɗauke na yini guda. Don haka kafin a dogara da kowace manhaja, ya dace a gwada ta a kan idanun mutanenmu, a kwatanta hukuncinta da na likitocin ido, kuma muna da waɗanda za su iya wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ku riƙe daga wasiƙar nan. Na'ura aikinta ganowa ne kawai, kuma idan aka gano cuta aka bar mai ita ba hanyar magani, an ƙara masa damuwa ne a kan wadda yake ciki. Dole kafin a raba na'ura ta farko a san wane likita ne zai duba hotunan da muka tura, cikin kwana nawa zai ba da amsa, wace rana ce majiyyaci zai je, kuma wa zai ɗauki nauyin motarsa idan ba shi da hali. Akwai darasi mai kyau daga Kenya. A gundumar Trans Nzoia malaman makaranta sun gwada ganin ɗalibai kimanin 20,000 a makarantu 50, rabin makarantun da wayoyi masu manhajar gwajin gani mai suna Peek, rabi kuma da tsohuwar hanya, kuma sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa kashi 54 cikin 100 na yaran da aka tura asibiti ta hanyar manhajar sun je, alhali a tsohuwar hanya ta takarda kashi 22 ne kawai suka je. Abin da ya kawo bambancin shi ne an riƙa aika wa iyaye saƙon tunatarwa ta waya, an kuma nuna musu hoton yadda ɗansu ke ganin duniya a dusashe. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma na tabbata magidancin da aka nuna masa hoton bayan idon matarsa da ɗigon jini a jiki zai fi saurin neman kuɗin mota fiye da wanda aka miƙa masa takarda da rubutun da ba ya iya karantawa. Kano ba ta rasa wuraren aikin ido ba, asibitin ido na ECWA yana aiki tun 1943, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, amma talakan Guri ko Birniwa yana buƙatar wanda zai haɗa shi da su, ko kuma a riƙa kawo masa likitocin zuwa babban asibitin da ke kusa da shi a ranakun da aka sani.

Ba ido kaɗai irin waɗannan na'urori ke yi wa amfani ba, kuma abokan aikina mata sun nemi in ambaci nasu ɓangaren. Ƙididdigar 2020 ta nuna cewa kimanin mata 12,000 ne ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a Najeriya a shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa ta, Jigawa kuma tana cikin jihohin da aka fara da su, wanda abin a yaba ne. Amma iyayen waɗannan yara sun wuce shekarun rigakafin, su dubawa ce za ta cece su. Hanyar da aka saba ita ce a shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba da ido ko wani wuri zai yi fari, kuma ingancin wannan dubawa ya dogara ne ga ƙwarewar mai yi da kuma hasken da take da shi. Yanzu akwai ƙananan kyamarori masu ƙara girman hoto da fitilarsu a jiki, kamar wadda aka ƙera a Jami'ar Duke ta Amurka, da ke ba ungozoma damar ganin wurin sosai, ta adana hoton, ta nemi ra'ayin wadda ta fi ta sani. Akwai kuma na'urar hannu mai batir da ke ƙone wurin da ya fara lalacewa a zama ɗaya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin aikinta a 2019. A yankinmu wannan aiki ba zai karɓu ba sai ya kasance mata ne ke yin sa tun daga farko har ƙarshe, a ɗaki mai sutura, da yardar matar, bayan an yi wa mazaje da malamai da masu unguwanni bayani.

Maganar hoto kuwa amana ce mai nauyi. Ba daidai ba ne hoton jikin majiyyaci ya zauna a wayar ma'aikaci ta kansa, wadda yara ke wasa da ita a gida, ko a riƙa tura shi ta WhatsApp da suna a jiki. Wayar aiki daban ake buƙata, mai makulli, a sanya lamba a madadin suna, kamar yadda Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta kiyaye bayanan lafiya. Hoto ɗaya da ya fita ya isa ya hana matan gari guda zuwa asibiti na shekaru.

Sai tsargiya, wadda duk wanda ya yi aiki a yankin noman rani na kwarin Haɗeja ya san yadda ta zama ruwan dare ga yaran da ke wanka da kamun kifi a magudanan ruwa, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Tabbatar da ita yana buƙatar a tace fitsarin da aka karɓa da tsakar rana a nemi ƙwan tsutsar a ƙarƙashin madubin likita, mu kuwa ba mu da madubin, ba mu da wutar da zai yi aiki da ita. An ƙera ƙananan madubai masu aiki da waya ko batir domin wannan aiki, an gwada su a Kodebuwa da nan Najeriya. Wani makamancinsu mai suna LoaScope, wanda ke neman wata tsutsa daban a cikin jini, an yi amfani da shi a gundumar Okola ta Kamaru a 2015, aka gwada jinin mutum fiye da 16,000 a ƙauyukansu, kowane gwaji cikin 'yan mintuna. Waɗannan ba su kai na ido nuna ba tukuna, ban ce a saye su yanzu ba, amma ya kyautu jiharmu ta nemi a riƙa gwada su a nan. Kunnen yara mai zubar da mugunya kuwa, na'urar ido da na fara ambata ta wadatar a duba shi.

Ranka ya daɗe, akwai abin da nake tsoro, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. A wani asibiti da na taɓa aiki akwai ɗakin ajiya da ke cike da na'urorin da aka kawo da biki, wasu ko ledarsu ba a cire ba, wata an rasa wanda ya iya kunna ta, wata fis ɗinta ne ya ƙone aka rasa irinsa, wata kuma wutar da take buƙata ba a taɓa samunta a garin ba. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke suka wallafa a 2011, wanda ya duba na'urori fiye da 100,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin kulawa da rashin abubuwan more rayuwa irin su wuta. Idan wannan roƙo nawa ya zama kwangilar sayo kaya kawai, to sabon ɗakin ajiya za a cika. Saboda haka ina roƙon duk na'urar da za a saya ta kasance tana da rajistar NAFDAC, a gwada ta a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 da kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, a tabbatar tana caji da sola, a kuma rubuta a yarjejeniya wanda zai gyara ta da inda za a samu kayan gyaranta. A kuma binciki ko manhajarta tana buƙatar biyan kuɗi duk shekara da dala, domin akwai na'urorin da ke da araha ranar saye amma su daina aiki ranar da kuɗin rajista ya ƙare.

Horo kuma kada ya tsaya a taron kwana biyu a otal. Duba cikin ido hannu ne ke sabawa da shi, sai mutum ya duba idanu masu yawa a gaban wanda ya iya kafin ya amince da abin da yake gani. Ya dace a sanya shi cikin karatun ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun da makarantun jinya da ungozoma na jiha, kowane ɗalibi ya fita da tasa na'urar a aljihu, mu da muke bakin aiki kuma a riƙa turo mana ma'aikacin jinyar ido yana zagayo mu lokaci zuwa lokaci yana duba aikinmu. Manufar ƙasa ta 2014 ta raba wasu ayyukan likitoci ga ƙananan ma'aikata ta riga ta nuna cewa ana iya damƙa mana aiki idan an horar da mu.

Ban nemi a fara da dukkan ƙananan hukumomi 27 a lokaci ɗaya ba. A zaɓi guda uku da suka bambanta, ɗaya a yankin fadama, ɗaya a kan iyaka, ɗaya kusa da Dutse, a ba kowace cibiyar mazaɓa ƙaramar na'urar duba ido guda biyu, a ajiye kyamarar bayan ido ɗaya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, a yi shekara guda ana rubuta yawan waɗanda aka duba, da waɗanda aka tura, da waɗanda suka isa, da waɗanda aka yi wa magani, da na'urorin da suka lalace. Idan alƙaluman sun gamsar, sai a faɗaɗa zuwa mazaɓu 287 na jihar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, wani kaso daga ciki kuma na kayan aiki ne, don haka ƙananan na'urorin ba su fi ƙarfin abin da ke isowa cibiyoyinmu ba. Kyamarorin da kuɗin jigilar marasa lafiya ne za su buƙaci hannun gwamnatin jiha da na ƙungiyoyin da suka daɗe suna aikin ido a Arewa.

A cibiyarmu ranar Talata ce ranar rigakafi, kuma a wannan rana iyaye mata sukan cika rumfar da ke gaban ɗakina da jarirai a goye tun kafin hantsi. Yaran suna zuwa da kansu, a sati na shida da na goma da na sha huɗu da kuma wata na tara, ba sai an fita neman su ba, kuma ƙara duba ido a kan allurar da ake yi musu ba zai ci fiye da minti ɗaya ga kowane yaro ba. Akwai ɗan ɗaki a bayan wurin awo da za a iya rufe tagarsa ya yi duhun da ake buƙata. Idan hukuma ta amince da gwajin da na ambata, ina roƙon a sanya cibiyarmu a ciki, ni da abokiyar aikina ungozoma a shirye muke mu je horo, mu riƙe rajista, mu kuma kawo muku ita a ƙarshen kowane wata.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Malamin asibiti a matakin farko,
daga ƙasar Haɗeja, Jihar Jigawa.